Bashin Kaka a Garin da Ba a Noma

Sunana Sahabi ɗan Malam Ummaru mai albasa, mutumin Goronyo. Bokona aji huɗu ne, na huɗun ma rabinsa a bakin gulbi na yi shi ina kamun kifi. Na faɗi haka tun da wuri don kada wani mai digiri ya karanta ya ce tsohon nan bai iya lissafi ba. Ban iya ba. Amma waɗanda sunka iya ɗin na gan su da idona, na zauna garinsu shekara uku, kuma ban komo ina sha'awarsu ba.

Abin da na mallaka a duniya guda ne, fadamar da mahaifina ya bari ƙasa da dam, a bakin gulbin Rima. Ba ta da faɗi, amma ƙasarta baƙa ce wuluk, albasarta kuwa in ka yanka ɗaya a zaure sai matan cikin gida sun share hawaye. Tobashina Alhaji Mani, ɗan kawuna, shi ke da gonar da ke gefenta, kuma shekara talatin yana zagayen tawa. Duk Sallah in mun gaisa sai ya ce, "Sahabi, yaushe za ka sai da man 'yar tsummar gonar ga, in huta da ganin haki ya rufe ta?" Ni kuwa in ce, "Ran da gashi yat tsiro ga sanƙon ga naka." A yi dariya a watse, amma ni da shi mun san ba duka ne wasa ba.

Saboda wannan fadama na tafi Dubai ina da shekara hamsin da 'yan kai. Injin ban ruwana ya mutu, shekara biyu a jere albasa ba ta yi kuɗɗi ba, na ga in na ci gaba da zama Mani zai samu abin da yake so. Wani ɗan garinmu ya samo mani aiki. Na ce in je in tara na inji da na taki in komo. Zancen fasfo da jirgi da yadda kunnena ya toshe ba zan ɓata muku lokaci da shi ba, kowane Alhaji ya ba ku irinsa har kun gaji.

Zangona na farko kasuwar kayan gwari ce, kasuwar da in ka zuba Goronyo da Wurno da Rabah a ciki sai an yi cigiyarsu. Aikina zaɓen albasa a wani sito: mai kyau nan, mai tabo can, ruɓaɓɓiya a kwando. Ku duba ikon Allah. Mutum ya ƙetare hamada da teku don ya huta da albasa, ya sauka a kan albasa. Ita ma wace iri? 'Yan ƙanana kamar ƙwan zabo, an zuba su a jan raga ana hura musu sanyi da na'ura kamar masu jinya. Ka yanka goma idonka bai san an yi ba. Garin kansa ko tsinken albasa ba ya tsirowa a cikinsa, yashi ne da gilashi, amma kowa a ƙoshe yake yana tafiya da sauri. Na yi wata uku ina tambayar kaina, waɗanga mutane mi suke nomawa? Daga baya na gane. Mu suke nomawa.

Ɗakinmu mu takwas ne, gado bisa gado har hawa uku. Ni anka ba na ƙasa, na ɗauka girmama furfura ce, ashe tsoro suke kada in faɗo wa wani. Akwai 'yan Bangaladash, akwai 'yan Nefal, akwai wani ɗan Uganda mai minshari kamar injin niƙa. Ba mugaye ba ne, gajiya ce ta cinye musu gaisuwa. Abin da ya fi ci mani rai ke nan a garin. Sai ka shiga mota da mutum, cinyarku na gugar juna tun daga kasuwa har masauki, bai tambaye ka gida ba, bai tambaye ka gajiya ba. Ni da na saba in fita sayen goro in yi sa'a guda ban kai bakin titi ba saboda gaishe-gaishe. Ranar hutu in na tuna furar matata Tumba da kifin gulbi, sai in zauna in yi ta zagin shinkafarsu mai tsawo kamar tsinke, in cinye ta tas.

A ƙofar masallacin Juma'a na gamu da Nasiru. Ina neman takalmina ina faɗa ni kaɗai da Hausa, sai na ji an ce, "Kawu! Wallahi wagga Hausa ta gida ta. Goronyo ko Wurno?" Na juya na ga wani ƙato ɗan shekara talatin da wani abu, cikin baƙar kwat da igiyar nan ta wuya, a zafin da ƙadangare ma ke neman inuwa. Ya ce shi ɗan Rabah ne, amma a nan Nas ake ce masa. Na ce, "Ɗan wa kake a Rabah?" Ya faɗi wani suna, ban san shi ba, ni da babu unguwar da ban sha ruwa ba a Rabah. Nan ya kamata in ɗauki takalmina in wuce. Amma wata shida ke nan ban ji an ce mani Kawu ba.

Ya kai ni gidan abinci, anka kawo shinkafa da cinyar rago. Da munka gama ya zaro wani kati ya dangwala a jikin na'ura, ta yi ɗan kuka, ya miƙe.

"An biya?" na ce.

"An biya, Kawu."

"Da mi?"

"Da kuɗɗin banki. Su ka biya, ni in mayar masu sannu-sannu. Wa ka yawo da kuɗɗin takarda garin ga in ba baƙo ba?"

"To kuɗɗin ruwa fa? Ni jikan malamai na, kakana Wurno yay yi karatu. Ba ni cin riba, ba ni ba da ta."

"Haba Kawu, ƙasar Musulmi muke. Ɗan kuɗɗin hidima na, na takarda da tawada. Kai dai kawo katin zamanka."

Bayan kwana uku ya zo sito da takardu. Albashina dirhami dubu biyu ne in an haɗa da aikin bayan lokaci, amma a takardarsa na ga biyar da sifiri uku. Wannan kam ko ɗan aji huɗu ya gane. Na nuna masa, ya ce, "Ado na, Kawu, kowa haka shika yi." Na sa hannu wuri goma sha ɗaya, har da wani ceki da ba a rubuta komai a kansa ba. Ko ranar ɗaurin aurena ba a nemi yardata haka ba.

Abu ɗaya na tambaya: "Wa za shi tsaya man?" Don a garinmu ba wanda zai ba ka bashin buhun taki sai ya san ubanka, ya san gonarka, ya san wurin wanda zai kai ƙara in ka yi taurin kai. Nasiru ya ce ba a bukatar kowa. Kun san yadda na fassara wannan? Na ce mutanen nan sun dubi hotona sun ga mutunci. Ranar har tafiyata sai da ta canza. Kati ya zo, an yarje mani dirhami dubu goma.

To a nan ne hikima ta sauko mani, irin wadda ke sauko wa mutum in Allah ya so ya ba jama'a dariya. Ga wanda bai san sana'armu ba, albasa lokacin cira, ƙarshen rani, banza ce, manomi roƙonka yake ka ɗauka. Mai kuɗɗi sai ya saya ya zuba a rudu, wato rumfar kara da ake ɗagawa bisa ƙasa a yi mata jinka, iska na shiga ta ƙasa tana fita ta sama. A bar ta wata biyar ko shida. In damina ta yi nisa albasa ta yi wuya, buhun da ka saya ɗaya sai ka sayar uku ko huɗu. Da haka Alhaji Mani ya yi gidan bene. Ni tun ina yaro na san wannan, jari ne ban taɓa samu ba. Ga shi yau jari ya zo da ƙafarsa ya shiga aljihun gaba, kuma watan cira ne.

Na bi na'urar cirar kuɗɗi kwana biyar a jere har ta ce ba sauran. Na kai wa 'yan canji, sunka tura wa ƙanena Hali, wanda na bar wa fadama. Na kira shi.

"Hali, ka shiga kassuwa ka sai albasa ta dukkan kuɗɗin ga. Ka ɗaura rudu shida bakin fadama, daidai inda Mani ka wucewa."

"Yaya, kuɗɗin ga na wa na?"

"Na banki na."

"Yaushe za a biya su?"

"Kaka mana. Yaushe aka biyan bashi?"

Wannan amsa ita ta kashe ni. A wurinmu bashi yana da lokacinsa. Ka ci da bazara ka biya da kaka, in goma ka ci goma za ka mayar. Tsakanin nan kuwa mai mutunci ba ya yin shiru, ranar kasuwa sai ya aika wa mai kuɗɗi da ɗan goro ko 'yar kaza don ya san ba a manta da shi ba. Gaisuwa ke nan. To da wata ya ƙare sai ga saƙo a wayata, lamba biyu, babba da ƙarama. Na nuna wa Nasiru. Ya ce, "Ƙaramar za ka biya, Kawu, ɗari biyar. Babbar ba ruwanka da ita yanzu." Na ce Allahu Akbar, ashe har Larabawa sun san gaisuwa, kuma don kada mutum ya wahala da tunani sun yanka masa ita da kansu. Kowane wata in kai ɗari biyar ɗina da fara'a, har ina yi wa na'urar sannu da aiki. Da Babbar Sallah ta zo na ga 'yar ƙofa ta buɗe a katin, na sake zara na aika anka sayi rago, don kada a ce mutumin Dubai ya yi layya da akuya.

Damina ta kankama, albasa ta fara tashi. Hali ya kira.

"Yaya, ta ninka. Dillalai na zowa har gida. Mani ya buɗe nashi rudu, ya cika mota biyu."

"Mani matsoraci na. Bari ta ƙara."

Bayan sati uku ya sake kira. "Yaya, ruwan bana ya yi yawa, ƙasa ba ta bushewa. In buɗe?"

"Kai da ba ka taɓa wuce Gusau ba, kai za ka gaya man kassuwa? Ni nan nike tsakiyar albasar duniya. Kak ka taɓa."

Tsakiyar albasar duniya! Mutumin da ke tsugune a sito yana jefa ruɓaɓɓiya a kwando. Kira na uku Hali bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "Yaya, rudu na zubar da baƙin ruwa. Wari ya kai hanya, masu babur na toshe hanci." Da sunka buɗe, cikin buhu ɗari da ashirin abin da ya tsira bai kai talatin ba. Sauran sai da anka biya masu amalanke sunka kwashe. An ce Mani ya tsaya bisa iyakar gona ya yi ta salati da ƙarfi don kowa ya ji.

Ɗan abin da anka sayar kuma, kafin ya zo hannuna naira ta faɗi. Kuɗɗin da sunka tafi gida da ƙiba sunka komo a rame, dirhami dubu biyu cif. Na zuba su a katin. Bayan wata ɗaya na sake zare su, don lokacin dashe ya zo, Hali na bukatar taki da hayar inji. Babbar lamba kuwa ban taɓa dubawa ba. Nasiru ya ce ba ruwana da ita, ni kuma mutum ne mai bin magana in ta yi mani daɗi.

Zango na gaba gadon nan ne na ƙasa. Buhu ya zame mani, ƙugu ya riƙe, na kwanta. Wata uku ba aikin bayan lokaci, albashi ya koma rabi, gaisuwa ta tsaya. Ai kuwa sai waya ta fara. Wata mace mai murya kamar rediyo, da safe da rana da la'asar: "Mista Sahabi, Mista Sahabi." Ko sau ɗaya ba ta ce ya jiki ba. Na haɗa Turancina na firamare da Larabcina na allo na gaya mata bayana ke ciwo, a yi haƙuri har kaka. Ta tambaye ni kaka nawa ga wata ce. Washegari wani namiji ya kira, jibi wata macen daban, kowa daga farko yake farawa, kamar ban taɓa magana da ɗan Adam ba.

Ranar da na koma aiki ina bayan sito ina zagin wayar, sai akawun sito ya tsaya a kaina. Wani dogon dattijo ne ɗan Sudan mai suna Usman, kusan shekara biyu muna gaisawa da Larabci. Ya ce, "Bawan Allah, wa kake zagi haka tun da hantsi?" Da Hausa! Na kusa sakin wayar. Ashe kakanninsa mutanen Wurno ne, sun tafi Hajji a ƙasa sunka yada zango a bakin kogin Nilu, zangon ya zama gida. Na ce mi ya hana ka magana tuntuni? Ya ce, "Duk Bahaushen da na yi wa Hausa a garin nan, kwana uku yake yi ya kawo mani takardar banki in karanta masa. Kawo taka."

Ya haɗa mana shayi, ya yago bayan kwali, ya sa tabarau. Ya daɗe yana rubutu yana tsaki.

"Nawa ka ci?"

"Goma, da rago, da taki. Sha ukku."

"Nawa ka mayar?"

"Takwas. Saura biyar, in Allah ya yarda."

"Saura sha biyu da ɗari huɗu."

Na ce ya sake dubawa, wataƙila tabarau ne. Ya juyo kwalin ya nuna mani da bakin biro. Kowane wata ana ɗora wa kowane ɗari kusan huɗu. Wata mai zuwa, abin da anka ɗora shi ma a ɗora masa nasa. Cirar kuɗɗi a na'ura da tararta, jinkiri da tararsa, wuce iyaka da tararsa, har da kuɗɗin wata inshora da ban san na shiga ba. Cikin ɗari biyar ɗin nan da nake kaiwa da fara'a, kusan ɗari huɗu ruwa ne.

"To gaisuwar da nika kaiwa fa?"

"Wace gaisuwa? Dusa kake zuba wa bashin. Kiwonsa kake yi, ɗan'uwa, kuma ya yi ƙiba."

Shayin nan har ya huce ban sha ba. Abin da ya fi bashin ciwo, jikan malamai ya fi shekara yana miƙa riba da hannunsa yana yi wa na'ura sannu.

Na nemi Nasiru. Sai da na kira sau tara ya ɗauka. Munka haɗu a tashar jirgin ƙasa, kwat ɗin nan dai ita ce, ta fara sheƙi a gwiwar hannu.

"Kai ɗan Rabah, kac ce man kuɗɗin tawada na."

"Kawu, ai kai ma ba ka matsa da tambaya ba."

"Nawa anka ba ka a kaina?"

Ya yi yaƙe ya ce ɗan abin shan ruwa ne. Sannan ya matso ya rage murya. "Akwai dabara. In buɗe maka wani kati ga wani banki, ka biya wanga da shi." Ya buɗe walat ya nuna mani nasa guda biyar a jere, kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa. Shekara bakwai rabonsa da Rabah, mahaifiyarsa ta rasu bai je ba, don sunansa na cikin na'urar filin jirgi, in ya dosa nan za a riƙe shi. Na zo da niyyar in tsine masa, na dube shi na ga an riga ni. Na tofar da yawu gefen takalminsa na tafi. A garin tofar da yawu ma tara ce, Allah ya rufa asiri ba wanda ya gani.

Na ce wa Usman tunda abin ya kai haka a yi yadda ake yi. Mai bashi in ya gaza sai ya ɗauki dattijo su tafi gidan mai kuɗɗi, a zauna, a ambaci iyaye, a roƙi sassauci. Ya ce ba haka ake yi a nan ba. Na ce ko'ina mutum mutum ne. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce to mu je ka gani. Na sa babbar rigata ta shadda da na ajiye don ranar komawa gida, na zaɓi albasa mafi dama-dama a sito, na biya kuɗɗinta na cika 'yar jaka, don ba a zuwa roƙo hannu wofi.

Mai gadi ya karɓe albasar tun a ƙofa. Wata na'ura ta tofo mana lamba, munka zauna kamar masu jiran allura. Da anka kira mu, wani saurayi ne bayan gilashi, gemunsa a gyare kamar an zana. Na yi masa sallama cikakkiya, na tambayi iyalinsa da mahaifansa, Usman yana fassarawa. Ya ce lambar kati.

Na ce, "Gaya mashi mai kuɗɗin nika son gani."

Usman ya faɗa. Saurayin ya ce wane mai kuɗɗi?

"Mai bankin. Wanda nic ci kuɗɗinshi."

Ya yi murmushi ya ce babu wani mutum guda, kamfani ne. Na ce to manaja. Ya ce manaja ma abin da na'ura ta nuna shi yake bi. Na ce wa ya ɗora mani ruwan? Na'ura. To wa zai iya cewa na yafe? Ya duba allonsa tsakani da Allah, ya ce babu wannan a ciki.

Nan na gane irin ramin da na faɗa. Na ci bashin abin da ba shi da uwa ba shi da uba, ba ya zuwa jana'iza, ba zai gamu da kai a masallaci ya ji nauyinka ba. Mu da ake ce wa ƙauyawa, mafi rowar ɗan kasuwa a Goronyo in ka zo masa da furfura da ciwon baya, zai zage ka, zai tuna maka da kakanka, amma a ƙarshe ya kau da kai ya ce a bari sai baɗi. Waɗanga sun gina benaye har cikin gajimare sun rasa mutum ɗaya da zai iya faɗin haka.

Abin da Usman ya iya tatsowa bayan doguwar magana shi ne, in na kawo dubu tara a dunƙule cikin kwana talatin, su rufe katin su mayar mani da cekina. In ban kawo ba, su cike cekin nan da na sa wa hannu, a kai kotu, sunana ya shiga inda na Nasiru yake. Da munka fito mai gadi ya miƙo mani albasata. Ita kaɗai ce ranar ba a ɗora wa komai ba.

Usman ya ce yana da ɗari bakwai, in karɓa in mayar ran da na samu. 'Yan ɗakinmu, waɗanda na ce ba su iya gaisuwa ba, sunka haɗa ɗari uku cikin safa sunka tura ƙarƙashin filona. Saura dubu takwas. Na ƙirga abin da na mallaka a duniya, na sake ƙirgawa, bai wuce ɗaya ba.

Kwana goma sha biyu ina ɗaukar waya ina ajiyewa. Rana ta sha uku bayan Azahar na zauna a kan buhu na kira Alhaji Mani.

"A'a! Balaraben Goronyo! Ina Dubai, ina rudu? Wallahi har yau in iska ta juyo muna tunawa da kai."

Na bar shi ya gama, kuma ya ɗauki lokaci. Sannan na gaya masa komai, ban rage ba. Da na gama ya tambaye ni:

"To mi za a yi?"

"Abin da kad daɗe kana nema. Ka saye ta."

Ban san haka muryata za ta fita ba, kamar ta wani tsoho can daban.

"Kai dai wawa na tun muna yara," ya ce. "In saye ta yanzu, a ce Mani ya jira ɗan gwaggonshi ya faɗa rami yaɗ ɗauke mashi gona? Da wane ido za ni shiga Juma'a? Jingina za ka ba ni. In noma in ci, ran da kak kawo kuɗɗina ka amshi abinka. Ko shekara goma ta, ko kwabo ba ya hawa. Gobe Hali ya zo da liman da mutum biyu."

"Na gode, Alhaji."

"Kak ka gode. Sai na ba kowa labari a kassuwa, har da albasar da kak kai ma banki."

Ya kuwa cika alkawari, duka biyun. Liman ya yi gyara ɗaya. Ya ce cin amfanin gonar jingina a banza shi ma ɗan'uwan abin da na gudo ne, don haka kowace kaka a yanka wa fadama kuɗɗin haya a cire daga bashin. Hali ya ce Mani ya yi gunaguni kamar an cire masa haƙori, sannan ya sa hannu.

Na kai dubu tara. Saurayin bayan gilashi ya ba ni cekina da takarda mai tambari, ya ce ko ina son a bar mani katin a buɗe saboda bukatar gaggawa. Na ce wa Usman ya tambaye shi ko suna da almakashi. Na ƙara shekara guda a sito, na biya Usman da 'yan ɗaki, na ciyar da gida tunda ba gona, na sayi tikiti da ɗan injin ban ruwa na hannu. Haka na sauka Goronyo, da inji, ba wurin ba ruwa. Mani ya dubi injin ya dube ni, ya ce ya ɗauke mu aiki mu biyu.

Yanzu ni ke noman fadamar ubana, shi ke kwashe albasa, ya biya ni ladan aiki kamar kowane ɗan ƙwadago. Samarin gari kan zo su tsuguna su ce, Baba, yaya ake zuwa Dubai? In ce ku tambayi masu babur, su sunka fi kowa shaƙar labarin. Kowace cira mu taru a zauren liman a cire haya, in ƙara da abin da na tara.

Shekaranjiya ina tsugune ina dashe sai ga Mani bisa babur, ya tsaya a kan iyaka bai ko kashe shi ba.

"Balarabe, layin ga ya karkace."

"Layin ga tun kana tsotson yatsa nika jan shi."

"Gonata ta, ni ka cewa ya karkace."

"Taka ta har kaka ukku."

"Biyu," ya ce. "Albasar bara ta yi kuɗɗi, na ce ma liman a ƙara hayar. Kak ka gaya ma kowa, a ce na yi laushi. Gyara layi."

Ya ja babur ya tafi. Na miƙe da ƙyar, hannu a ƙugu, na koma bakin fangali, inda dashen ya fara, na hango layin. Ya karkace ɗin kuwa. Na tuge iri goma sha biyu na sake dasawa.